Neman Ciyawar Rabi

Tun da na dawo, 'yan majalisarmu ta ƙofar masallaci a nan Damba ba su bar ni na huta ba. Kullum bayan la'asar sai wani ya ce, "Alhaji Sani, ba mu labarin tahiyar haki." Wasu don su ji ne, wasu don su yi dariya, domin a ganinsu dattijon da ya yi shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Gusau da Legas bai kamata ya kwana biyu a hanya saboda abin da akuya ke ci ba. Da baki ba na iya kai labarin ƙarshe, sai in tsaya a tsakiya in ce sai gobe. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ciyawar ta matata ce, Rabi, Allah ya jiƙanta. Daga Jos ta zo da ita a cikin gwangwanin madara, wani biki da suka je, tun babban ɗanmu Nura yana firamare. Ganyenta ja ne mai duhu, in ta girma takan kai ƙugun mutum, ta fitar da kai mai laushi kamar wutsiyar kyanwa. Maƙwabta suna ce mata kyasuwar Turawa. Ba a cin ta, ba a magani da ita, ba a saƙa zana da ita, kallo kawai ake yi. Kuma ba ta yin iri, wanda yake so sai a sari gefen gindinta a ba shi da saiwa. Rabi ta shuka ta kusa da rijiya, inda rana ke bugawa tun safe.

Ni abin da na sani game da ita kaɗan ne. In na dawo daga tafiya nakan tarar da Rabi a kujera 'yar tsugunno kusa da ita, tana tankaɗe ko tsintar shinkafa, in ce mata mutane na noman hatsi ke kina noman haki. Sai ta ce in je in wanke man injin da ke jikina kafin in yi mata magana. Wata shekara nakan dawo in ga ciyawar ta gajarce, in ɗauka akuyar maƙwabta ce ta shigo. Ban taɓa tambaya ba. Sai da Rabi ta kwanta ciwo na ajiye tuƙi na zauna gida.

Ta rasu bara, ƙarshen sanyi, a asibiti. Ana yin sadakar bakwai yara suka koma wuraren aikinsu, gida ya rage ni kaɗai. Da arba'in ta matso, bazara ta riga ta shigo, mata 'yan uwa suka zo gyaran gida. Na dawo daga masallaci na tarar an yanke ciyawar nan ƙasa-ƙasa, ba abin da ya rage sai kututture tsawon tafin hannu. Yayar Rabi, Yaya Asabe, tana tsaye a kanta da lauje. A wurinmu ciyawa a tsakar gida abin kunya ne, alamar gidan da ba mace, kuma maɓoyar maciji, don haka ban tsaya tambayar dalili ba. Na faɗa mata maganar da ba a faɗa wa yayar mata, a gaban jama'a. Ta buɗe baki za ta yi magana na ce ba na son ji. Ta ajiye laujen ta ɗauki mayafinta ta fita.

Kwana uku ina kallon kututturen nan, na ga ba zan iya ba. Na ɗauko fartanya na haƙe shi. Tun hantsi nake fama da shi har azahar, sai da ƙotar fartanyar ta karye, na ƙarasa da gatari, na kai shi bola. Daga ranar ba mu sake magana da Yaya Asabe ba.

Shekara guda na yi ina fitowa da safe ina kallon ramin. Nura ya ce irinta cike take a Abuja wajen masu sayar da furanni, zai aiko mini ko guda goma nake so. Na ce ya bari. Ba irinta nake so ba, ita nake so, wadda hannun Rabi ya taɓa. Sai na tuna ta taɓa sarar wa mutum biyu: ƙawarta ta ƙuruciya Hajiya Ladi da ke aure a 'Yankuzo, da gwaggonta, Gwaggo Hure, a Karakkai. In akwai sauran ciyawar Rabi a duniya, to tana ɗayan gidajen nan biyu. Na sa sabuwar ƙota, na naɗe fartanyar a buhu, na kulle gida ban gaya wa kowa ba.

A tasha yaran direbobi suka gane ni, suka ba ni gaban mota. Da na sani da na zauna baya. Mutumin da ya saba riƙe sitiyari ba ya iya zama a gefe lafiya. Duk ramin da na hango sai in danna ƙafa a ƙasan motar, duk motar da za mu wuce sai in leƙa madubi. Kafin mu kai Kwatarkwashi direban ya gaji ya ce, "Baba, birkin wajena shike, huta da ƙahwarka." Fasinjoji suka yi dariya, ni ma na yi, amma ƙafar ba ta daina ba har Tsafe.

Akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, kamar yadda kowa ya sani yanzu. A ɗaya aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i ya kwance buhuna ya ga fartanya, ya dube ni ya dubi sama, ko gajimare ɗaya babu.

"Baba, ina za ka da fartanya ruwa bai sauka ba?"

Na ce ciyawa zan haƙo.

"Ta magani?"

Na ce a'a, ta kallo.

Sai ya kira abokinsa ya ce zo ka ji, ya sa na maimaita. Suka yi dariyarsu suka ƙoshi. Da zai miƙo mini buhun sai ya sassauta murya ya tambayi inda zan je. Da na ce 'Yankuzo, ya ce in shiga da safe in fito da wuri, kada la'asar ta same ni a hanyar. Na gode masa, don maganar ɗan halak ce.

A Tsafe na sami labarin Hajiya Ladi ba ta ma 'Yankuzo. Shekara biyu ke nan suka taso saboda rashin kwanciyar hankali, tana zaune a ɗaki ɗaya a gidan ɗanta, ita da jikoki da buhunan da ba ta kwance ba har yau. Tana ganina ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, don ba ta samu zuwa gaisuwa ba lokacin rasuwar. Muka yi wa Rabi addu'a. Ta sa aka kawo mini hoce da ruwan sanyi, na ɗan gutsura don kada ta ji ba daɗi. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, ina jiran ita ma ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Tana nan inda nib bar ta, gindin randa," in ji ta. "Ranar da munka taso na so in sare ko kaɗan na, mota ba wuri. Kullum ina tuna ta. In ka iske ta da rai, ka sarar man nawa."

Ta aika a gaya wa wani maƙwabcinta da ya rage a garin cewa ina zuwa.

A gidan Ɗanjuma na sauka, tsohon abokin tuƙina, wanda yanzu yake sayar da tayoyi a bakin titi. Gidansa ba irin nawa ba ne. Ka ɗaga ƙafa yaro, ka sauke ƙafa yaro, rediyo na yi, ana daka, wata na kiran wata ta katanga. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka a kwano ɗaya, mu biyar muka sa hannu. Rabona da cin abinci da wani a kwano ɗaya tun watsewar zaman makoki. Na zaci zan ji daɗi, sai na ji kaɗaicin ya fi na gida, don a gida ba na ganin abin da na rasa. Ɗanjuma ya lura na rage ci, ya ce maganina aure, akwai wata bazawara a layinsu mai hankali, gobe ma sai a je. Na ce ya bari in gama da ciyawa tukuna. Ya ce tun muna samari ya san kaina ba daidai yake ba, amma bai san ya kai haka ba. A zaurensa na kwana kan tabarma, tsakanin tayoyi.

Da sassafe ya haɗa ni da wani ɗan kabu-kabu mai furfura da ya san hanyar. Tun da muka tashi idon mutumin na kan hanya da gefenta. Na san ƙauyukan nan a da, lokacin da nake zuwa ɗaukar hatsi. A lokacin baƙo bai isa ya wuce ƙofar gida ba a tsayar da shi da ruwa ba. Yanzu sai an dube ka daga sama har ƙasa, an tambayi wanda ka zo wurinsa, sannan a amsa sallama da kyau. Ban ga laifinsu ba.

Maƙwabcin Hajiya Ladi tsoho ne mai ƙusumbi, makullin gidanta yana ɗaure a bakin zanensa. Ya buɗe mini. Katangar baya ta zube gefe guda, awaki sun yi hanya ta nan. Randar na nan a binne, ta tsage, ba ko ɗigo. Kusa da ita na ga kututture fari-fat, kamar tsohuwar tsintsiya. Na durƙusa na kama shi da hannu ɗaya don in gwada, sai ya biyo ni gaba ɗaya, ba nauyi, gara na zubowa daga cikinsa. Ko fartanyar ban kwance ba.

Tsohon yana tsaye yana kallona. Ya ce, "Alhaji, wai haki kaka nema tun daga Gusau? Ga shi nan cike da daji, kowane iri kaka so."

Na ce wannan daban ce.

Sai ya ce in na yarda zai sarar mini gamba daga iyakar gonarsa, ita ko ba ta mutuwa, kuma aƙalla zan sami zana. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na gode masa na ce wani lokaci. Ya kulle gidan a hankali, ya gwada kwaɗon sau biyu, duk da katangar a zube take.

Da muka koma Tsafe na tsaya a ƙofar gidan ɗan Hajiya Ladi na aika a gaya mata ban sami ciyawar da rai ba. Ban iya shiga na faɗa mata da bakina ba.

Zuwa Bungudu daga Tsafe dole ka ratsa Gusau, kuma motar ta bi ta mararrabar unguwarmu. Na hango kan layinmu da mai shayin da ke wurin. Da zan ce a sauke ni, cikin minti biyar ina gida, in yi wanka in huta in tafi gobe. Amma na tuna in na buɗe ƙofar ba wanda zai ce mini ya hanya, sai ramin nan kusa da rijiya. Na kau da kai muka wuce. Na canja mota a tasha, wannan karon na zauna baya.

Na isa Bungudu bayan azahar, rana kamar ta fasa kai. Na yi salla a masallacin bakin tasha, na ci shinkafa da wake a wata rumfa, mai abincin ta zuba mini barkono kamar da faɗa muka yi. Daga nan kabu-kabu zuwa Karakkai. Tun a hanya na san in na rasa a nan, shi ke nan, ba sauran wurin zuwa.

Gwaggo Hure ƙanwar mahaifin Rabi ce, ta auri makiyayi, suna zaune a gefen gari da shanunsu da 'yar gonarsu. Mijin ya daɗe da rasuwa, ɗanta Bello ke riƙe da gidan. Ta tsufa ƙwarai, ta rankwafa, amma bakinta na nan yadda na san shi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Direba take ce mini tun ranar da aka ɗaura aurenmu. Na tsuguna na gaishe ta, ta ce, "Direba, yau ina motar? Ko an kore ka?"

Su al'adarsu, baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya sha ya huta, kuma ba a tambayarsa. A Gusau kafin ka zauna an ce lafiya dai ko. A nan aka kawo fura da kindirmo a ƙwarya, irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi zafin gari, aka yi zancen tsadar dusa da rijiyar da ta ƙafe. Ni kuwa idona na yawo a tsakar gidan ina neman jan ganye. Turke na gani, da rumbu, da 'yan maruƙa, ba ciyawa ko ɗaya. Na ajiye ludayin.

Sai dab da magariba na kasa haƙuri na ce, "Gwaggo, hakin nan da Rabi ta ba ki, yana nan kuwa?"

"Shina nan. Garka nis sa shi, don maruƙan ga ba su barin komi. Gobe da sahe ka gani."

Na so in ce a je yanzu, amma ba a gardama da suruka. Bello ya shimfiɗa mini a ɗakin baƙi, muka ci tuwon gero da man shanu, ya yi ta tambayata yadda Legas take, ko gaskiya ne akwai gadar da ake tafiya a kan ruwa har a gaji.

Da gari ya waye, bayan an tatsi shanu, ta ɗauki sandarta muka zaga bayan gida. Garkar ƙarama ce, an kewaye ta da ƙaya, akwai barkono da 'yan kuɓewa da ake ba ruwa da guga. Ta nuna da sanda ta ce ga shi nan. Na duba. Kututture uku ne a jere, an yanke su ƙasa-ƙasa, tsawon tafin hannu, an zuba musu busasshen kashin shanu a gindi. Daidai da abin da na tarar a gidana ranar nan.

Na zauna a ƙasa da babbar rigata. Na ce, "Gwaggo, ku ma?"

"Mu ma mi?"

"Kun kashe ta."

Ta dube ni kamar na yi mata magana da Yarbanci. Ta ce, "Wa ak kashewa? Bello na sa yay yanke ta sati ukku da sunka wuce. Kowace bazara haka muka yi. Rabi ta ce in ba a yanke tsohon ganye ba, cikinta ka ruɓewa, sabo bai samun hanyar hitowa. Kai da kaz zauna da ita shekara da shekaru, ba ka sani ba?"

Ta nuna ɗaya da sandarta.

"Tashi ka ja ta ka gani."

Na kama ɗaya da hannu biyu na ja. Ko motsi ba ta yi ba. Na kafa ƙafa na sake ja har bayana ya amsa, tana nan daram. Gwaggo ta durƙusa da ƙyar, ta sa yatsa ta buɗa busassun karan, ta ce in matso. A can ƙasa, tsakanin karan, wasu 'yan tsiro ne jajaye masu tsini kamar bakin allura, sun fi goma.

A nan na tuna ta 'Yankuzo da ta biyo hannuna ba gardama. Na kuma tuna tawa, da na yi tun hantsi har azahar ina fama da ita. Na gaya wa Gwaggo duk abin da ya faru, da abin da na faɗa wa Yaya Asabe, ban rage komai ba. Ta saurara tana dafe da sanda.

"Da kaz zo hidda ta, ta yi gardama?"

Na ce har ƙotar fartanya ta karye.

"To da ranta kak kai ta bola, Direba."

Ba ta ƙara ba, ba ta kuma rarrashe ni ba. Na yi kuka a garkar nan, irin wanda ban yi ba ranar jana'iza saboda idon mutane. Ta bar ni na gama, sannan ta kira Bello ya kawo gatari.

Ita ta nuna inda za a sara. Ta ce ba a ɗiba daga tsakiya, nan ne tsohon wuri, daga gefe ake ɗiba inda saiwa take da ƙarfi, kuma da ƙasarta. Bello ya sara sau uku ya ɓamɓaro mini guntu kamar dunƙulen hannu biyu, na ce ya ƙara ɗan ƙarami saboda Hajiya Ladi. Aka jiƙa buhuna aka naɗe su. Gwaggo ta yi ta jero mini sharuɗɗa kamar mai kai amarya. In sa ta inda rana ke bugawa, ban da gindin bishiya. Ban da inda ruwa ke kwanciya, don ta fi tsoron yawan ruwa a kan ƙishi. In ba ta ruwa da safe, yau a ba ta gobe a huta, har ta kama. Taki kaɗan, in ya yi yawa sai ta yi ganye ta kwanta. Bayan shekara uku in haƙe in raba ta, in ba wani, don in tawa ta mutu in san inda zan je. Ta sa na maimaita mata sau biyu.

Dawowar ma ba ta rasa abin faɗa ba. Na ƙi yarda a sa buhun a but ɗin motar, saboda akwai tunkiya a ciki, na rungume shi a cinya. Ruwan laka ya jiƙa mini riga, ya gangara ya sami atamfar matar da ke kusa da ni. Ta ce, "Baba, mi ag ga buhun ga, kihi?" Na ce haki ne. Ta matsa jikin ƙofa, ba ta sake kallona ba har Gusau, sai dai na ji tana gaya wa ta bayanta cewa tsufa ba daɗi.

A ramin nan na da na shuka ta, kafin in cire rigar ma. Ƙaramin guntun na sa shi a gwangwani na ba wani direba ya kai Tsafe. Na shiga ba ta ruwa yadda aka ce, yau a ba ta gobe a huta. A ranakun hutun nakan tsaya da buta a hannu ina jin kamar in zuba, in tuna Gwaggo in mayar.

Zuwa wurin Yaya Asabe shi ya fi duk tafiyar wuya, ga shi ba nisa, Tudun Wada ce kawai. Kwana goma ina cewa gobe. Ranar da na je na same ta a tsakar gida tana gyaran zogale. Ta amsa sallamata, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta gaishe ni kamar jiya muka rabu. Na ce Yaya, na zo neman gafara, na je Karakkai, na ga yadda ake yi, ashe gyara kika yi mini na saka miki da cin mutunci.

Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Sannan ta ce, "Ba ni nig ga dama ba, Alhaji. Ita tas sa ni."

Na ce wa?

"Rabi. Can asibiti, ranar da kat tahi sayo magani. Ta ce Yaya, in bazara ta yi ki je ki yanke man hakina, tsawon tahin hannu. Baban Nura bai san lokacin ba, kuma ba shi iya sa mata lauje, tausai za shi ji. Ta ce in ta tsiro sabuwa zai samu abin kallo da sahe."

Na ce, "Don me ba ki gaya mini ba?"

"Ranar ka ce ba ka son ji. Na ce in bari ka huce. Kahin in dawo anka ce man ka hidda ta ka yas. To in hwaɗa ma a lokacin, in ƙara ma mi?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba.

"Wadda kaz zo da ita, ta kama?"

Na ce ta kama, tsiro bakwai na ƙirga yau da safe.

Ta goge ido da gefen mayafi, ta jawo tiren zogalen kusa. Ta ce, "To in bazara ta zagayo ka aiko a kira ni. Amma kai za ka riƙa laujen, ni tsayawa kawai za ni yi."